Ranar da Baba Ya Durƙusa wa Mma

Har yau ba na iya jin ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya in zauna lafiya. Jiya maƙwabciyata ta tafasa wa ɗanta mai zazzaɓi, tururin ya tsallako katanga, sai na tsinci kaina tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, raina a ɓace kamar yanzu aka yi abin. Ni da nake da jikoki. Bari in gaya muku abin da ke ci na, don na gaji da jin labarin ubana ana ba da shi a coci ana tafi, a bakin waɗanda suka gaji kujerun mutanen da suka hana shi abin da ya sha wahala a kai.

A Salaga na yi wayo. Baba mutumin wajen Tempane ne, Mma kuwa haifaffiyar zango ce, unguwar baƙi Musulmi. Cocinmu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano a bayan zango, kuma masu zuwansa tsofaffin sojoji ne, da 'yan gadi, da leburori, da matan 'yan sanda. Kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa mu, irin wadda ake ce wa mace "kai" ba wanda ya ga laifi.

Baba mai bishara ne, ba fasto ba. In ba ku san bambancin ba, ga shi. Mai bishara yana wa'azi, yana binne gawa, yana zama gefen mara lafiya, yana sasanta miji da mata. Amma ba ya baftisma, ba ya ba da jibin Ubangiji, ba ya ɗaura aure, ba ya sa farar kwala a wuya. Waɗannan sai an naɗa mutum. Shekara da shekaru Baba yana jiran a naɗa shi, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce bai damu ba. Ya damu ƙwarai. Akwai wata baƙar riga da ya ɗinka tun kafin a haife ni, tana ƙasan akwati da kafur a kanta. In an kwana biyu sai ya ciro ta ya shanya a cikin ɗaki, ba a waje ba, don kada a gani a ce ya ƙosa.

Shi ke share cocin, shi ke gyara benci, shi ke hawa ya jinke ɗakin gwauruwa kafin damina. Wannan kowa yana gani, kowa yana yabo. Abin da ba a gani shi ne ruwa. An san Salaga da rijiyoyi, amma in bazara ta yi nisa yawancinsu sai laka, sauran kuma gishiri, dole a tafi tafki bayan gari. Duk baƙon da ya zo wa coci gidanmu yake sauka. Ruwan wankansa, da na tuwonsa, da wanda za a yayyafa a ƙasan coci kafin a share, duka a kan Mma suke zuwa. Ban taɓa jin an tashi ranar Lahadi an kira wannan aikin Ubangiji ba.

Muna da wata al'ada ranar Alhamis ta makon Ista. Ana zaunar da maza goma sha biyu a benci a gaban jama'a, shugaba ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa ya wanke musu ƙafa, don tuna yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Maza kaɗai ake zaɓa. Mai zaɓen kuwa shi ne babban dattijon ikilisiya, wani tsohon sajen 'yan sanda, wanda muke kira Saje ko da yake ya daɗe da tuɓe kaki. Tun ana sauran mako yake bi gida gida yana gaya wa zaɓaɓɓun su goge dunduniya da dutse, su yanke farce, su shafa man kaɗe, su zo a cikin takalmi rufaffe. Wato a wanke ƙafa a gida, sannan a kawo ta coci a wanke. Tun ina yarinya abin yake ba ni dariya, yanzu kuwa takaici yake ba ni.

A shekarar da nake faɗa muku, ba a daɗe da fita shekarar yunwa ba, ni kuma ina kusa da gama firamare. Aka aiko cewa Babban Fasto da kansa zai zo daga Tamale ya yi Ista da mu, ya ga aikin Baba, in dattawa sun ce sun yarda a naɗa shi da kaka. Ranar da labarin ya zo Baba bai iya cin tuwo ba. Mma tana ta tsokanarsa wai ta ga wuyansa ya fara tsawo.

Sai dai a lokacin Mma tana fama da kurkunu a idon sawunta na hagu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da shi. Tsutsa ce doguwa fara kamar zare, a ruwan tafki ake shan ta, ta yi shekara a jiki, sannan ta huda fata ta leƙo, wurin yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Ba a fisge ta. Ana naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan kowace safiya, in ta tsinke a ciki kuwa ƙafa ta shiga uku. Baba ne ke naɗe wa Mma, bayan ya gasa wurin da ruwan darbejiya, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Mai irin wannan ciwo zama ya kamace ta.

Ina zama? Saje ya ce a shafe coci da farar ƙasa ciki da waje, wannan ruwa ne. Ya ce a cika wa baƙi duro biyu, wannan ma ruwa ne. Matan zumuntar coci sun taimaka kwana ɗaya, kowace ta koma ga nata tulun, ban ga laifinsu ba. Baba ya ɗauki garwa zai tafi tafki, Saje ya tare shi a ƙofar gida, ya ce wanda za a naɗa ba ya shiga layin mata da garwa a kai, in labari ya kai kunnen baƙo da wane ido za a dube mu. Baba ya ajiye garwar. Ina tsaye ya ajiye ta. Ina ƙaunar ubana, amma wannan ajiyewar na daɗe ban yafe masa ita ba.

Haka Mma ta ɗaure ƙafa da tsumma ta ci gaba da zuwa tafki, ni ina biye da ƙaramin bokiti. Ranar Laraba muna dawowa santsi ya kwashe ta a gangare, tsinken ya fisge, tsutsar ta tsinke. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta fara dubawa shi ne ko ruwan ya zube duka. Kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana ruwa, ƙudaje suna bi.

Da yammacin Alhamis ta ce sai ta je sujada a coci. Saje ya leƙo ya ga ƙafar, ya toshe hanci, ya ce in dai dole ne to ta zauna a waje, gindin bishiyar da ke bakin ƙofa, kada wari ya dami baƙo. Ni da maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai sayar da goro, muka tallabe ta muka kai ta kan tabarma. Hajiya ba ta shiga coci, amma ranar ba ta koma gida ba, ta zauna tana kore wa Mma ƙudaje da gefen mayafi.

Babban Fasto ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, kuma ya iya magana. Da Turanci ya yi wa'azi, Baba yana tsaye gefensa yana juyawa da Hausa, don haka kowace kalma sai da ta bi ta bakin ubana. Ya ce a cikin masu bin Yesu, shugaba bara ne. Ya ce Ubangijinmu bai aiki kowa ya ɗauko daro ba, da kansa ya tashi daga cin abinci ya durƙusa. Ya ce wanda yake son girma a coci ya duba ya ga wane ne aka bari a baya, ya je ya same shi a inda yake. Jama'a suna ta amin. Saje ya fi kowa ɗaga murya.

Aka kawo daro, fari mai zanen fure a gindi, aka zuba ruwan Mma. Babban Fasto ya cire kwat, ya ɗaura tawul, ya durƙusa gaban mutum na farko, wanda ba sai na gaya muku ko wane ne ba. Ya ɗiga wa ƙafar Saje ruwa, ya goge, ya miƙe, ya miƙa wa Baba tawul ɗin ya ce ya ƙarasa. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen benci. Da ya gama ya ɗaga daron, sai ya tsaya yana kallon cikinsa. Ni ina layin yara a gaba, na ga abin da ya gani. Ƙafar mutum goma sha biyu, amma ruwan garau yake, har furen gindin daro ana gani.

Maimakon ya ajiye a kan tebur, sai ya juya ya bi tsakiyar coci. Ya wuce maza, ya wuce mata, mai ganga ya daina kiɗa, waƙa ta mutu a bakin mutane. Ya fita ƙofa, ya ajiye daron a kan tabarma, ya durƙusa gaban matarsa da gwiwa biyu. Jama'a suka yi cincirindo a ƙofa da tagogi. Mma ta yi ƙoƙarin janye ƙafar, ba ta iya ba.

Ta ce, "Malam, don Allah ka tashi. Mutane na kallo."

Ya ce, "Ruwanki ne."

Ya kwance tsumman a hankali. Ya wanke ruwan ciwon, ya wanke lakar tafki da ta maƙale a tsagar dunduniyarta, ya bi tsakanin yatsu ɗaya ɗaya. Nan da nan ruwan ya koma kalar koko. Ya goge da tawul ɗin Babban Fasto, sabo fil. Mma ta rufe fuska da ɗankwali. Hajiya ce kaɗai ba ta daina abin da take yi ba, tana ta kore ƙudaje.

Washegari, Juma'ar da muke tuna mutuwar Yesu, Saje ya zo gidanmu. Sai da ya cinye tuwon da na tuƙa, don Mma ba ta iya tashi, ya wanke hannu da sauran ruwan duro, sannan ya buɗe baki. Ya ce dattawa sun zauna. Ya ce tun da aka halicci duniya mace ke durƙusa wa miji, a ƙabilar Gonja haka ne, a Dagomba haka ne, a Kusasi ma da Baba ya fito haka ne. Ya ce an mai da mu abin dariya a idon Musulmin zango, gobe matanmu za su miƙo mana ƙafa. Ya ce an ƙazantar da daron coci, kuma mutumin da bai iya riƙe girmansa a gaban matarsa ba, yaya zai riƙe ikilisiya. Babban Fasto, in ji shi, abin ya taɓa zuciyarsa ƙwarai, amma ya ce jama'a ba su kai nan ba tukuna, a ɗan jira, kuma zai fi kyau Baba ya canja wuri har ƙura ta lafa.

Abin ya taɓa zuciyarsa! Ku ji fa. Mutumin da kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta rufe bakin Saje, ya hau motarsa ya koma Tamale da zuciyarsa a taɓe. Shi ya faɗi maganar, ubana ya juya ta da Hausa, ya kuma yi kuskuren ɗauka da gaske ake.

Kun san abin da Baba ya ce wa Saje? Ya ce, "To." Shi ke nan. Na ji kamar in kifa masa tukunyar miya, shi da Sajen duka.

Batun dariyar zango kuwa, an yi ta, ba zan ɓoye ba. Samari a tashar mota sun yi ta kirana 'yar mai wanke ƙafar mata. Amma ranar da aka loda kayanmu a bayan motar doya za mu Yendi, matan zango ne suka cika ƙofar gidanmu, ba dattawan coci ba. Hajiya ta ƙulla wa Mma goro a ganye, ta ce mata ta riƙe mijin nan da kyau, don ita in ta ga Alhajinta ya durƙusa a gabanta, to carbinsa ne ya faɗi. Mma ta yi dariya har da hawaye. Daron kuwa dattawa sun ce ba za a sake sa shi a coci ba, suka aiko mana da shi kamar abin kunya, Mma ta zuba kwanukanta a ciki.

Ƙafar ta warke, amma idon sawun ya sandare, tun daga nan take ɗingishi. A Yendi ruwa ya fi na Salaga wuya. Washegarin isarmu Baba ya ɗaura garwa biyu a keke ya nufi madatsar ruwa, ya shiga layin mata, aka yi ta nuna shi da baki. Bai sake barin Mma ta ɗauki tulu ba. Ban taɓa jin ya ce mata ta yi haƙuri da abin da ya faru a Salaga ba, keken nan ne haƙurinsa. Duk shekara in an yi taron manyan coci sai a ce sunansa ya zo, sai wani ya tuna da labarin daro, sai a ce a ɗan ƙara jira. Mutanen da ba su taɓa taka Salaga ba sun san labarin, har sun ƙara masa gishiri, wai Mma ce ta umarce shi.

Da faɗan ƙabilanci ya rikita ƙasar suka bar Yendi, aka tura shi Bawku. Lokacin na yi aure, ina zuwa ganin gida. A can ya koyar da samari karatu da wa'azi, ya ciyar da su daga tukunyar Mma, aka kai su makarantar fastoci, suka dawo da farar kwala, shi yana jera musu benci. Wata rana na tarar da ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa Baba jakarsa ya riƙe masa, don zai gaisa da wani ɗan kasuwar shanu. Na fisge jakar na dangwarar a ƙasa. Da muka koma gida Baba ya yi mini faɗa, wai riƙe jaka ba ya rage mutum. Na ce na sani, amma miƙa ta yana rage mai miƙawa. Ya ɗauki buta ya ɗora ruwan darbejiya, don duk yamma sai ya gasa wa Mma ƙafar a cikin daron nan.

Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce e, ya yi.  Sai ya ce, "Garwar nan da na ajiye."

Ya rasu kafin shekarun alif ɗari tara da casa'in su ƙare, yana mai bishara. Da muka buɗe akwati, baƙar rigar tana nan da karin gugarta. Wasu suka ce a sa masa ita a binne shi. Mma ta ce a'a, ba a ba shi yana da rai ba, ba za a yi masa ƙarya yana kwance ba.

Yanzu zamani ya canja, in ji su. Kurkunu ya tafi, famfo ya shigo unguwanni. Ranar Alhamis ta Ista ana zaunar da mata a benci tare da maza, ana ɗaukar hoto da waya, fasto yana durƙuso a kan matashi. Ana shirya tarurruka a otel kan yadda shugaba zai zama bara, masu jawabi suna zuwa da mai riƙe musu lema. Labarin ubana kuwa ya zama abin ado, ba wa'azin da ba a sa shi. Ba wanda ke faɗin yadda ya ƙare.

Bara, gab da Ista, ina Bawku wurin Mma sai ga mota ta tsaya. Wanda ya miƙa wa Baba jakar nan ne, yanzu shi ne babba a cocin yankin, da dattawa biyu a bayansa. Suka zauna, suka sha ruwa, suka yi ta yabon Baba, uban bangaskiya, abin koyi. Sannan suka faɗi abin da ya kawo su. Suna so a ba su daron a sa shi cikin gilashi a sabon coci, kuma suna so Mma ta zauna ta farko a benci ranar Alhamis, babban da kansa zai wanke mata ƙafa, za a nuna a talabijin. Ɗaya daga cikin dattawan ya juyo gare ni ya rage murya, ya ce in ɗan gyara mata farce kafin ranar. Ni dai na danne harshena, don gidan uwata ne.

Mma ta dubi ƙafarta. Ta ce, "Ɗana, an riga an wanke ta. Daron kuma ina aiki da shi." Ta ɗan nisa, ta nuna randa da haɓa. "Amma in aiki kake nema, kwana biyu ke nan famfonmu bai kawo ba. Ga bokiti can, rijiyar tana bayan masallaci."

Ya yi dariya, dattawa suka taya shi. Da ya ga Mma ba ta dariya, sai ya dubi bokitin, ya dubi farin takalminsa. Na rantse muku na ɗan sa rai, don da hannun ubana ya koyi riƙe alli. Sai ya juya wajen ƙofa ya ƙwala wa direbansa kira.

Da suka tafi na tafasa ganyen darbejiya da ruwan da direban ya ɗebo, na jawo daron. Furen gindinsa ya kusa gogewa. Na durƙusa na ɗora ƙafarta a ciki, ina ta masifa, ina kiran Saje da ya daɗe a kabari, da Babban Fasto, da mai farin takalmi. Mma ta bar ni na yi har na gaji, sannan ta taɓa kaina ta ce ruwan ya yi zafi da yawa, ubana yakan fara gwadawa da gwiwar hannunsa.